Kwamin siminti na tantabaru yana yoyo: a gyara ko a fasa a sake?

Ɗan Bagalam:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina neman shawarar magina da masu kiwon tsuntsaye.

Akwai wani tsohon kwamin siminti a tsakar gidanmu nan unguwar Bagalam ta Maraɗi, tantabaru suna sha suna wanka a ciki, kurciyoyi da tsada su ma suna sauka da hantsi. Zagayayye ne, faɗin bakinsa santimita 80, zurfinsa kamar 10, kaurin gefensa bai wuce yatsa uku ba. A kan wani ɗan ginshiƙi yake zaune, tsawon gwiwa, ƙarƙashin bedi. Ya haura shekara 20.

Ga halin da yake ciki. Tsaga ɗaya ta taso daga baki ta gangara har tsakiya, farce yana shiga cikinta. Akwai kuma ƙananan tsagogi ko'ina kamar saƙar gizo-gizo. Bakin ya ɓare a wuri guda har ana ganin ƙarfe mai tsatsa. In aka cika shi da safe, kafin la'asar ya koma rabi, gindin ginshiƙin kuma kullum a jiƙe. Bara an kaɗa ruwan siminti an shafe cikinsa, bai yi wata guda ba ya ɓamɓare kamar ɓawon ƙwai.

Wanga kwami zai gyaru, ko fasa shi za a yi? In zai gyaru, wane haɗi ake yi kuma nawa-nawa? Sannan me za a shafa a sama wanda zai riƙe ruwa bai cuci tsuntsaye ba? Wani ya ce kwalta, wani ya ce fentin mai. Allah ya saka da alheri.

Tsohon Maso, unguwar Zariya:

Wa alaikumus salam ɗana, ni tsohon maso ne, wato magini. Zai gyaru in gangar jikinsa tana da rai, kuma wannan abu ne da za ka iya ganewa da kanka kafin ka kashe ko dala.

Ka ɗauki ƙotar guduma ka bi shi kana ƙwanƙwasawa a hankali. Inda siminti ke da lafiya za ka ji ƙara mai kaifi, inda ya saki kuwa za ka ji shi kamar ganga. Ka zagaye duk wurin da ya yi ganga da gawayi. Sannan ka sa ƙusa ka karce wurare uku ko huɗu. In ƙusa ta bar layi kawai, madalla. In yashi yana zubowa kamar tsaki har ƙusa ta nutse, simintin ya mutu, kuma duk abin da ka liƙa a kan mataccen siminti zai fita tare da shi. Nan fasawa ta fi sauƙi.

Batun raguwar ruwa: faɗin santimita 80 yana nufin kowane santimita guda na zurfi lita 5 ne, cikakken kwamin kuma lita 50. A Maris da Afrilu rana da iska su kaɗai suna iya shanye wajen santimita guda a yini, shi ya sa wasu ke gyaran yoyon da babu shi. Amma rabi kafin la'asar lita 25 ke nan, wannan ba aikin rana ba ne. Ka cika shi ka bar shi ba ƙari, ka ga inda ruwan zai tsaya. Inda ya tsaya, nan ne ƙarshen ƙofar da yake fita. In ya ƙafe ƙaf, tsagar ta ratsa har ƙasa.

Abu na uku shi ne wanda aka fi tsallakewa. Tsagar nan tsayayya ce ko tana motsi? Ka kwaɓa ɗan siminti zalla, ka manna shi sirara a kan tsagar wuri biyu, kamar kwabo, ka jira mako guda. In mannin ya tsage, mazaunin kwamin ne ke motsi: ko saiwar bedi ta shiga ƙarƙashin ginshiƙi, ko ruwan yoyo ya tausasa ƙasa, ko kuwa kan ginshiƙin ya yi ƙanƙanta, tsakiya kawai ya tallafa ya bar gefe a rataye da kilo 50 na ruwa. Muddin ba a tsayar da wannan ba, ko da me ka cike tsagar za ta dawo wurinta.

Shafen da aka yi bara ya ɓamɓare ne saboda dalili uku, kuma kusan kullum su ne. An shafa a kan gansakuka da kashin tsuntsaye. Tsohon simintin a bushe yake, sai ya tsotse ruwan sabon nan take. Sannan ruwan siminti zalla ba yashi ƙanƙancewa yake yi in ya bushe, ga rana ta buge shi. Siminti ba bushewa ke ba shi ƙarfi ba, shan ruwa ne. In ruwa ya tsere masa a yinin farko, gari ne kawai ya kwanta a wurin.

To ga yadda aikin yake. Ka kwashe ruwa, ka kankare ragowar tsohon shafen duka da burushin ƙarfe. Ka wanke da ruwan jabel, wato bilicin wanki, awo 1 cikin ruwa awo 9, ka bar shi minti 15, ka goge, ka ɗauraye sau uku. Kada ka sa omo ko sabulu, suna barin santsi. Daga nan sai kurfi da ƙaramar guduma: ka buɗe babbar tsagar ta kai faɗin santimita 1 da zurfin 1 zuwa 1.5, ka zarce ƙarshenta da yatsa biyu. Bugun ya zama kaɗan-kaɗan, a kaikaice, don kauri yatsa uku ba ya ɗaukar fushi. Gefen ramin ya tsaya a miƙe, ko ma cikinsa ya fi bakinsa faɗi kaɗan, don abin da za ka cusa ya kulle. Sauran cikin kwamin kuma ka sassare shi sama-sama ya yi kaushi, ka fitar da duk inda ka yi wa alamar gawayi. Ka share ƙura, ka wanke.

Daren da za a yi aiki washegari, ka jiƙa shi sosai. Lokacin aiki kuma ka tsane ruwan da soso: siminti ya yi duhu don ya ƙoshi, amma ba ya ƙyalli, in ka ɗora tafin hannu ba ya jiƙewa. Wannan shi ne daidai.

Haɗi kuwa, da gorar lita guda da aka yanke za ka auna. Cikin kwaminka da gefe da baki bai kai murabba'in mita guda ba, yaɓen santimita 1 zai ci siminti lita 4, wato kilo 5, da yashi lita 8. Awo 1 da 2 ke nan, ya fi na bulo da na bango ƙarfi nesa. Yashin gulbi mai ɗan kaushi, a tankaɗe shi da rariya, ba rairayin da iska ke tarawa a bakin ƙofa ba; shi wannan ya yi laushi da yawa, yana neman ruwa mai yawa, kuma ruwa mai yawa shi ke kawo saƙar gizo-gizon da kake gani. Garin hana yoyo na Sikalite leda guda kilo 1 ce, ta buhu guda mai kilo 50, kai ke nan giram 100 ya ishe ka. Ka gauraya shi da siminti a bushe tukuna, ka zuba yashi ka juya har launi ya zama ɗaya, sannan ruwa. Ruwan daga lita 2 zuwa 2.5, kuma kada ka zuba gaba ɗaya. In ka dunƙula a hannu ya tsaya bai tsiyaya ba, ya yi.

Kafin yaɓe akwai shimfiɗar kamu, wadda magina ke kira barbotin: siminti 1, yashi mai laushi 1, a dama da ruwa kamar kunu mai kauri, a murza shi da burushi ya shiga kowane rami. In ka samu SikaLatex, ruwan da ke ƙara wa siminti kamu, awo 1 cikin ruwa awo 2 ka dama da shi, kamun ya fi. Sharaɗin guda ne: a ɗora yaɓe tun barbotin yana ɗanye. In ya bushe, ya zama katanga tsakanin tsoho da sabo.

Ka fara cusa tsagar, kana dannawa da bakin cokalin gini ko guntun katako har ta cika dam. Sai yaɓe hawa biyu, rabin santimita kowanne. Na farko a danne shi da ƙarfi a bar shi da kaushi, na biyu ya biyo bayan ƴan awoyi, lokacin da na farko ya kama amma bai yi fari ba. Kusurwar da gefe ya haɗu da ƙasa kada a bar ta da kaifi, a cika ta a bi da kwalba ta zama zagayayya, don nan ne yoyo ke son farawa. Yaɓen ya hau baki ya lanƙwasa waje, kada ya ƙare sirara a cikin ruwa.

Kwaɓin da ya wuce awa guda a ƙasa a zubar. Ƙara masa ruwa a sake juyawa gyaran gangar Abzinawa ne.

Ɗan Bagalam:

Na gode Baba, Allah ya ƙara lafiya. Na ƙwanƙwasa, wuri biyu ne kawai suka yi ganga, ƙusa kuma ba ta shiga. Saura maganar kwalta da fenti. Kuma kwana nawa kafin a zuba ruwa? Tantabarun ba su da wani wurin sha.

Mai Kayan Gini, Sabon Gari:

Ɗan'uwa, ka samo musu tasa ko kasko tun yau, don mako biyu zuwa uku ba za su ga kwamin nan ba. Abin da Baba ya bari shi ne shayarwa, wato ci gaba da jiƙa sabon yaɓe, kuma a garin nan ita ce rabin aikin.

Ka fara yaɓe bayan la'asar, don sa'o'in farko su faɗa cikin dare. Ruwan kwaɓi kada ya zama na jarkar da ta yini a rana. Da zarar yaɓen ya kama yadda yatsa ba ya barin gurbi, ka lulluɓe shi da jiƙaƙƙen buhun algarara ko tsohon zane, ka rufe da leda, ka danne gefen ledar da duwatsu. Bayan awa 24 ka cika kwamin da ruwa a hankali, kana zubawa a kan buhu ba a kan yaɓe ba, bakin kuma ya ci gaba da zama a lulluɓe a jiƙe. Kwana 7 ke nan ba fashi. Cikakken ƙarfin siminti a kwana 28 ake lissafa shi, amma kaso mafi yawa a makon farko yake samuwa, kuma makon nan ba ya ramuwa. Hunturu ma kada ya ruɗe ka don ana jin sanyi. Iskar Disamba da Janairu ita ma tana saurin zuƙe ruwan yaɓe. Damina ita ce lokacin da aikin ya fi sauƙi, in dai an kare shi daga dukan ruwan sama a daren farko.

Shi kansa simintin, na Malbaza ne ko Dangote ko BUA da ke shigowa daga Najeriya, mai lambar ƙarfi 32.5 ko mai 42.5, duk za su yi. Abin dubawa shi ne sabo ne ko ya kwana. Tunda kilo 5 kake nema, na awo za ka saya daga buɗaɗɗen buhu, to ka sa hannu ciki. Ya zama gari lilis. Dunƙulen da yatsa biyu ke murƙushewa ba laifi, wanda ya ƙi murƙushewa kuwa ya riga ya sha raɓa, ka bar musu kayansu. Yashi ma yana da gwaji: ka zuba shi cikin kwalba, ka ƙara ruwa, ka girgiza, ka ajiye ya kwana. Laka za ta kwanta a sama. In yashi ya kai santimita 10, laka kada ta wuce rabin santimita. In ta wuce a wanke yashin.

Yanzu kwalta. A'a. Baƙa ce, tana mayar da ruwa kamar na shayi da tsakar rana, tana yin taushi da zafi ta manne a ƙafa da gashin tsuntsu, ga warin da take saki cikin ruwa. Baƙin mai na mota da wasu ke shafa wa katako don gara, wannan guba ne kai tsaye, ko kusa kada ya zo. Fentin mai kuma ba a yi shi don zama cikin ruwa ba. Danshi yana tasowa daga cikin siminti ya tura shi, ya yi ƙuraje, ya ɓare, tsuntsu ya tsattsage ɓawon ya haɗiye, kuma wasu fentocin mai har yanzu akwai dalma a cikinsu. Silikon na banɗaki da ake matsawa da bindiga shi ma a bar shi: galibinsa an sa masa maganin fumfuna, kuma mai warin tsami ba ya kama siminti da kyau.

Abin da ya dace iri biyu ne. Na farko shi ne wanda Baba ya faɗa, yaɓe mai ƙarfi da garin hana yoyo a cikinsa. In an shayar da shi yadda ya kamata ba ya buƙatar komai a sama. Na biyu shafe ne mai haɗi biyu, gari da farin ruwa, irin SikaTop Seal-107 da ake yi wa tankunan ruwa. Ruwansa 1, garinsa 4 bisa nauyi, ana shafawa da burushi hawa biyu a kan jiƙaƙƙen siminti, hawa na biyu ya gitta na farko, kowane hawa kamar milimita guda. Murabba'in mita yana cin wajen kilo 2 a kowane milimita, kwaminka ke nan kilo 3 zuwa 4 ya ishe shi. Matsalarsa cikakken saiti kilo 25 ne. Sayen saiti don kwami guda, kwalliya ba za ta biya kuɗin sabulu ba, sai dai in ka samu ragowa wurin masu aikin tanki, ko kuma kuna da rijiyar ajiyar ruwa da za a yi wa tare. Amfaninsa shi ne yana rufe ƙananan tsagogi ba tare da ya rage zurfin kwami ba.

Gam mai haɗi biyu irin Araldite yana da wurinsa: in guntun baki ya karye kuma guntun yana nan, a busar da wurin sarai, a shafa, a ɗaure da roba kwana guda. Lura da bambancin, don nan ake rikicewa. Gam yana son busasshen wuri, siminti yana son jiƙaƙƙe. Wanda zai yi amfani da duka biyun, gam ne farko.

Wani zai ce a koma ga na gargajiya. Laso, wanda ake haɗawa da katsi da gashin jima da dafara, shi ke riƙe ruwa a rijiyoyin marina tun kafin siminti ya zo ƙasar Hausa, kuma ba a raina shi. Amma a kan ƙasa aka san shi, shi da makuba, ba a kan tsohon kankare ba.

Hajiya Mai Kiwo, Ali Ɗan Sofo:

Sannunku da aiki. Ni ta wajen tsuntsayen zan yi magana, ƙanena, don kwami na iya daina yoyo ya koma kashe maka kiwo.

Sabon siminti yana sakin kaifi cikin ruwa, irin kaifin ruwan toka amma ya fi shi ƙarfi. Shi ne ke cin hannun lebura. Ruwan da ya kwana a sabon yaɓe za ka ga wata farar yana ta kwanta a samansa, in ka taɓa ka ji santsi kamar sabulu. Wannan ruwa yana ƙona baki da maƙogwaro da ido. Saboda haka ruwan shayarwar kwana 7 ɗin nan ba na sha ba ne, kuma a rufe kwamin da raga ko faifan kwano don kurciyoyi ba su san an yi gyara ba. Bayan kwana 7 a zubar, a goge da burushi, a cika, a bari kwana 2, a zubar. A maimaita haka aƙalla sau huɗu. Wanda ke son ya gaggauta, a wankin farko ya zuba ruwan khal, wato binega, kofi 1 cikin ruwa kofi 10 ya goge da shi na ƴan mintoci ya ɗauraye. Kada a bar shi ya kwana, tsami yana cin fuskar siminti. Kuma ruwan khal da jabel ba sa haɗuwa ko da wasa, hayaƙin da suke fitarwa yana shaƙe mutum. Alamar an gama ita ce ruwa ya kwana biyu garau, ba farar yana, ba santsi. Mai takardar gwajin pH, wato ma'aunin kaifi da tsamin ruwa, ya duba: sabon siminti yana kai ruwa sama da 11, ana so ya sauko kusa da 8.

Ruwan da ake zubarwa kada a kai shi gindin shuka ko inda kaji ke kiwo.

Sai roƙo ga magina. Kun saba in za ku gama aiki ku barbaɗa busasshen siminti ku goge da cokali ya yi sumul kamar madubi. A daɓen ɗaki ya yi kyau, a kwamin tsuntsaye kuwa tarko ne. Ƙafar tsuntsu tana son abin kamawa. Hawa na ƙarshe a bi shi da jiƙaƙƙen soso ko katako ya yi ɗan kaushi kamar bayan tulu. Kaushin kada ya yi yawa dai, in ya yi ramuka gansakuka ta samu gida.

Zurfi kuma: santimita 8 zuwa 10 na tantabara ne, ita tana son ta nutsa ƙirji ta bubbuga fiffike. Tsada da sauran ƙanana ba sa shiga abin da ya wuce santimita 3 zuwa 5, ƴan tsaki da ƴan zabi kuwa nutsewa suke yi. Tunda za a yi yaɓe, a karkatar da gefe guda ya gangara a hankali, ko a ajiye faffaɗan dutse wanda kansa ke leƙowa saman ruwa.

Da kwami ya daina yoyo wata matsala za ta taso wadda da ba ka da ita. Da can ruwa yana tserewa kullum, yanzu zai zauna, kuma zaunannen ruwa na sauro ne. Da zafin garin nan daga ƙwai zuwa sauro mai tashi bai fi mako guda zuwa kwana 10 ba. A zubar a sake duk kwana 2, da bazara ma kullum, a kuma goge gefe, don akwai sauron da ke manna ƙwansa a jikin mazubi daidai bakin ruwa, zubarwa kaɗai ba ta fitar da shi. Ciwon nan na tantabara da ke sa wani abu rawaya-rawaya ya taru a baki da maƙogwaro ta ruwan sha yake yaɗuwa, kurciyoyin daji ma suna ɗauke da shi. Maganinsa mai arha shi ne sau ɗaya a mako a wanke kwamin a bar shi ya bushe ƙarƙaf na ƴan awoyi, ƙwayar cutar ba ta jure bushewa. Wannan sai bayan wata guda da gyara, ba a kan ɗanyen yaɓe ba. In aka ga wadda ta kamu, a ware ta da kaskonta.

Ɗan Bagalam:

Hajiya na gode, maganar sauro ban kawo ta ba sam. Baba, saura ƙarfen da ya fito a baki, shi ba a taɓo shi ba. A rufe shi da siminti kawai? Kuma tunda za a riƙa zubar da ruwa duk kwana biyu, ana iya huda masa mafita a ƙasa? Kwashewa da kwano tana da wuya.

Tsohon Maso, unguwar Zariya:

Kada ka rufe shi haka, ɗana. Ƙarfen ne ma ya ɓare bakin. Tsatsa ta fi ƙarfen da ta fito daga gare shi cin wuri ninki-ninki, sai ta kumbura ta tura siminti waje. In ka binne ta da ranta, baɗi war haka za ta sake turowa, kuma ba mamaki babbar tsagar ma daga nan ta samo asali.

Ka bi rodin da kurfi hagu da dama har ka iske inda yake da tsabta, ka buɗe bayansa yadda ɗan yatsa zai zagaya shi. Ka goge da burushin ƙarfe da samfefa har ya yi haske. Kada ka shafa masa mai ko fenti, siminti ba zai kama ba. Barbotin ɗin nan shi za ka shafa masa ya lulluɓe shi duka. Sannan siminti ya rufe shi da kaurin santimita 2 ta kowane gefe. In baki ya yi sirara ba zai ba da wannan kauri ba, ko tsatsa ta cinye rabin rodin, ka yanke wannan guntun da zarto ka fitar. Kwami mai wannan girma guntun rodi a baki ba shi ke riƙe da shi ba. Wurin cike ɓararren bakin, ka lanƙwasa guntun kwano ko roba ka ɗaure ta waje ya zama makari, ka cusa kwaɓi mai ɗan tauri, ka cire makarin washegari. Ramin da ya wuce santimita 2 a cika shi sau biyu, in aka tula gaba ɗaya zai zame.

Mafita kuma ana yi, amma kowace huda ƙofar yoyo ce, sai a yi ta da kula. Da injin huda za a yi, ba tare da an kunna bugunsa ba, kuma nesa da tsagar da aƙalla tafin hannu. Kurfi zai raba maka kwamin biyu. Guntun tiyo na PVC mai milimita 25 ya isa. Ramin ya fi tiyon faɗi da santimita guda ta kowane gefe. Siminti ba ya kama roba mai santsi, don haka ka karce bayan tiyon da samfefa, ka shafa gam na PVC, ka birgima shi cikin busasshen yashi, ka bari ya bushe. Yanzu ya samu kaushin da kwaɓi zai riƙe. Bakinsa na ciki ya zauna daidai da fuskar sabon yaɓe ko ƙasa da ita kaɗan, yaɓen kuma ya ɗan karkata zuwa gare shi. Murfin ya kasance ta waje, mai zare, don abin toshewa na ciki tantabaru za su yi ta tsattsagarsa. Kuma tiyon ya zarce gindin ginshiƙi da kamu biyu, ruwan ya zuba cikin bokiti ko kan tsakuwa, ba a gindin ba.

Shi ginshiƙin, in gwajin mannin nan ya nuna motsi, ku ɗaga kwamin ku biyu ko uku kafin a yi yaɓe, ba bayansa ba. A tona gindin, a sare saiwar da ta shiga, a zuba tsakuwa a daddaɓe, a yi masa ɗan daɓen kankare kaurin santimita 10. Kan ginshiƙin a faɗaɗa shi ya tallafi aƙalla rabin faɗin kwamin, santimita 40 ke nan. A shimfiɗa ɗanyen kwaɓi a kai, a ɗora kwamin, a zuba masa ruwa kofi biyu a ga inda ya gangara, a gyara zamansa tun kwaɓin bai kama ba. Kwana uku bayan haka sai ka fara sassara.